Kakar da Na Je Kebbe Hannu Rabbana

Sana'ata hatsi. Tun ina saurayi nake sayen gero da dawa da wake a Kebbe da ƙauyukan da ke kewaye da ita, in kawo Tambuwal in jibge, in bazara ta yi nisa in fara fitarwa. Wanda bai san sana'ar ba yana zaton kullum muna cikin ciniki, alhali akwai watanni, daga tsakiyar damina har a fara yankan gero, da sito yake wayam. Jarin mutum duk ya koma takarda, yana zaune yana jiran kaka. A da ɗakin mahaifiyata nake kai kuɗin. Ita ta san inda take sawa, ban taɓa tambayarta ba. Da Allah Ya yi mata rasuwa, aka kuma fara tare hanya da haura katangar mutane, sai hankalina ya ƙi kwanciya da kuɗi a gida.

A daidai lokacin aka buɗe wani ƙaramin banki a garinmu. Ba reshen manyan nan ba ne, na 'yan gari ne, wasu masu hali suka haɗa kai suka kafa shi. Manajan abokina ne, aji ɗaya muka yi a sakandare. Ni na bar karatu na kama kasuwa, shi ya wuce gaba. Da ƙafarsa ya zo rumfata, ya zauna a kan buhun wake, ya ce, “Abokina, ka daina kwana da kuɗi a ƙarƙashin kai. Kawo mu ajiye maka. Ranar da kake so ka zo ka ɗauki abinka.”

Kalmar da ya faɗa ke nan, ajiya. Na ce masa ni ba na son ko kwabo na ruwa ya hau kan kuɗina. Ya ce akwai asusun da ba a ɗora masa komai, abin da ka kawo shi za ka ɗauka. Na yarda.

Shekarun farko ban ga laifinsu ba. In na je da kaka, su ba ni, in hau mota in yi Kebbe. Sau ɗaya kawai raina ya sosu. Ɓeraye da danshi suna yi mini ɓarna a siton laka, sai na nemi su saya mini siminti da kwano in riƙa biya a hankali. Abokina ya yi ta juya biro a hannu, daga ƙarshe ya ce ba zai yiwu ba tunda ba ni da takardar mallakar fili. Gidan nan kakana ya gina shi, kowa a unguwa ya sani, shi ma ya sha cin tuwo a cikinsa muna yara. Ya ce ba shi ba ne, ƙa'ida ce. Na haɗiye na fito.

A Kebbe ina da kawu, yayan mahaifiyata. Manomi ne na gaske, kuma mutum ne mai magana ɗaya. Shi ne idona a can. In kaka ta matso sai ya bi maƙwabtansa da surukansa ya ce kowa ya riƙe geronsa, ɗan ƙanwarsa yana tafe, ba ya tauye mudu, ba ya cewa a dawo gobe. A kan maganarsa mutane suke juya wa masu manyan motoci baya su jira ni.

Shekarar da nake ba da labari damina ta yi kyau ƙwarai. Kawu ya aiko in hanzarta, don yana son ya sallami 'yan ƙodagon da suka yi masa girbi, ya kuma kai matarsa Sakkwato a cire mata yanar ido, ta kusa daina gani. Na shirya buhuna, na yi magana da direba, na nufi banki da hantsi.

Na tarar da layi har waje. Duk fuskokin da na sani ne, masu hatsi, masu shinkafa, masu sayen gyaɗa. Wannan bai dame ni ba, kowace kaka haka muke haɗuwa. Da na isa gaban kanta na faɗi abin da nake so, yarinyar da ke wurin ba ta ko ɗago ba ta ce yau ba sabis. Na dawo washegari. Ta ce an ƙayyade abin da za a ba kowa a rana, ta miƙo mini abin da ko buhu uku ba zai saya ba. Na ce ina manaja. Ta ce ya tafi Sakkwato taro.

Haka muka yi ta yi. Yau ba sabis, gobe motar kuɗi ba ta iso ba, jibi manaja yana taro. Direba ya gaji ya karɓi lodin wani. Kawu yana ta kira, ina ce masa gobe. Wanda ya san kasuwar hatsi ya san abin da gobe take nufi da kaka: sabon gero yana fara fitowa da daraja, kowace kasuwa da ta wuce farashi yana zubewa. Mutanen da suka riƙe geronsu saboda ni, kowace rana asara suke yi.

Ranar da na ga motar abokina a ƙofar banki ban bi layi ba. Mai gadi ya tare ni, na ture hannunsa na shiga ofis. Ya tashi zai fara gaisuwa na ce ya bari.

“Ina kuɗina?”

“Zauna mana, abokina.”

“Ba zama na zo yi ba. Ina kuɗina?”

Ya rufe ƙofa. Ya ce kuɗina suna nan, ko sisi bai ɓata ba, ya juyo mini da fuskar kwamfuta in gani. Na ce ba lamba na kawo masa ba, takardun kuɗi na kawo a cikin jaka, su nake so. Sai ya yi ajiyar zuciya ya fara yi mini bayani da irin muryar da ake lallashin mara lafiya. Ya ce babu bankin da ke duniya da yake riƙe da kuɗin mutane duka. Ɗan kaɗan ake bari don masu zuwa yau da gobe, saura a ba da su rance, da haka banki yake samun abin biyan albashi da wuta. Lissafin shi ne ba za a taɓa zuwa gaba ɗaya ba. Bana dai an samu akasi, wani babban rance bai dawo a kan lokaci ba, ga shi kuma kaka ta yi albarka kowa yana son jarinsa duka.

Na ce, “Kowace shekara da kaka muke zuwa gaba ɗaya. A garin nan aka haife ka. Yaushe kaka ta taɓa zuwa wa mutum ba zato?”

Ya shiga juya biro a hannu.

Na ce, “Wa ya ba ka izinin ba da kuɗina?”

Ya ce, “A doka, ranar da ka kawo su sun zama na banki. Kai kana bin mu bashi ne.”

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya zauna a kan buhuna ya ce ajiya, yau shi ne yake gaya mini bashi na ba shi. Ni da ko ɗan'uwana ba na ba rance sai na san me zai yi da shi, ashe shekara da shekaru ina ba da rancen jarina duka ban sani ba, ban san wa aka ba ba, ba a tambaye ni ba. Kuma da ruwa ake bayarwa. Na guje wa riba ta ƙofar gaba, aka ɗauki guminna aka ci riba da shi ta ƙofar baya.

Na tambaye shi wa ya karɓa. Ya ce sirrin aiki ne. Bai ma buƙaci faɗa ba, gari duka ya sani. A kan hanyar Dogon Daji akwai wani gidan mai da aka fara ginawa aka tsaya, ƙarafa tsirara suna tsatsa. Mai shi yana cikin waɗanda suka kafa bankin, ɗan kwangila ne da ya dogara da wani biya da bai fito ba. Shi yana da takardar fili, har da yawa. Ni aka hana ni siminti da kwano don ba ni da takarda, aka kwashi kuɗina aka saya wa wani siminti da kwano. Ban san lokacin da na daki tebur ba har kofin shayinsa ya kife a kan rigarsa. Mai gadi da wani ma'aikaci suka fitar da ni. Ban ji kunya ba a ranar, yau ma ba na ji.

Magana irin wannan ba ta waya ba ce, don haka na hau babur na yi Kebbe. Hanyar ta lalace da ruwan damina, na isa jikina duk ya mutu. Na tarar da kawu a ƙofar gida a kan tabarma, tare da mutum uku daga cikin masu jirana. Suka ga babur maimakon mota, suka ga ba jaka. Bayan gaisuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ba mu wuri.

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Kai ɗan nan, tambaya guda nika yi maka. Kuɗɗin nan, kana da su ko ba ka da su?”

“Ina da su, Kawu.”

“Suna ina?”

“Suna banki.”

“To ka ɗauko.”

“Ba su nan.”

Ya gyara zama a kan tabarma. Sannan ya ce, “Abin da ba shi nan, ba ka da shi. In kasuwa ta cinye ma jari, ka faɗa mini, ba kai aka fara ba. In kuma jira kaka yi gero shi ƙara faɗuwa ka saye da araha, wanga ma ka faɗa mini, in san da wa nika zaune.”

Ban taɓa jin magana ta ƙona ni kamar wannan ba. Na rantse masa da Allah. Ya ce ba sai na rantse ba. Amma na ga idonsa, bai gaskata ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wane mai hankali ne zai yarda cewa an kai ajiya gidan ajiya, mai gidan bai gudu ba, ba a yi masa sata ba, gobara ba ta tashi ba, kullum yana buɗe ƙofa da safe yana sanye da kwat, amma ajiyar ba ta nan, kuma wai bai karya doka ba? Gaskiyata ta fi kowace ƙarya kama da ƙarya.

Na shiga ciki na gaida matarsa. Tana zaune a bakin ɗaki tana tsince wake da lalube. Ta ji muryata ta yi murna, ta ce ai ta san ba zan wuce makon nan ba, ta riga ta sa an wanke mata zanen da za ta je asibiti da shi. Na ajiye mata ɗan abin da bankin ya tsakura mini, na fito ban iya cin abincin da ta sa aka kawo ba.

Kasuwar da ta biyo baya kawu da maƙwabtansa suka sayar wa wani mai mota daga Jega, a farashin da ya ga dama, don ya san sun matsu. Ɗaya daga cikin surukan kawu ya gaya masa baƙar magana a gaban jama'a. Tsohon da bai taɓa faɗin abu ya tashi ba, ya tsaya yana ba yara haƙuri saboda ni.

A Tambuwal kuwa magana ta riga ta fita. Ba ni na yaɗa ba, ko da yake wanda ya tambaye ni ban ɓoye masa ba. Sai ga kowa ya taho. Matan da ke kai kuɗin adashi, malaman firamare, masu shayi, tsofaffi masu 'yan kuɗin fansho. Akwai wani Bafulatani da ya sayar da shanunsa saboda tsoron ɓarayi ya kawo kuɗin. Kullum zai zo ya tsuguna a jikin katangar bankin da sandarsa a kafaɗa, ba ya hayaniya, ba ya shiga layi, in an tashi ya tashi. Wata mai ƙuli-ƙuli daga Sanyinna ta riƙe ƙarfen taga tana cewa a ba ta ko rabi ta yafe rabi. Waɗanda suka ji da wuri, masu uwa a gindin murhu, sun riga sun kwashe nasu ta bayan fage. Mu da muka bi layi muka tsaya da layi. Wata safiya muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa da ɗan sanda a kan benci.

Abin da ya fi ba ni haushi a kwanakin nan shi ne yadda aka juya laifin. Wasu masu ilimi a gari suka riƙa cewa mu muka kashe bankin da firgicinmu, da mun yi haƙuri da bai faɗi ba. Wato laifinmu ne da muka nemi abinmu a ranar da muke buƙatarsa. An gina abu a kan fatan kada masu haƙƙi su zo tare, ba a gaya wa masu haƙƙin ba, da suka zo sai aka ce ba su da tarbiyya.

Bayan watanni wasu jami'ai suka zo daga birni, aka tantance mu, aka biya kowa wani abu. Masu ƙaramar ajiya sun samu nasu, na yi musu murna. Irinmu aka ba mu wani kaso aka ce saura sai an sayar da kadarori. Lokacin da kason ya shigo hannuna gero ya riga ya yi tsada, abin da zai cika mota da kaka bai cika rabinta ba. Shekarar nan a rumfar wani na yi ta, ina auna masa ana ba ni lada, ni da nake da yara masu auna mini.

Cikin wannan hali ne ƙanin matata, wanda yake sana'ar cire wa mutane kuɗi da na'ura a bakin tasha, ya zo mini da maganar kirifto, kuɗin nan na intanet. Mutum ne mai kirki, kuma ya ga yadda na rame. Ya ce, “Yaya, wannan kuɗin an yi shi ne saboda irin abin da ya same ka. Ba manaja, ba ƙofa balle a sa mata kwaɗo. Ba wanda ya isa ya ba da naka rance.”

Na ce ya nuna mini. Ya ce hanya biyu ce. Ko dai ka riƙe abinka da kanka, a ba ka wasu kalmomin Turanci ka adana, in sun ɓace kuɗinka sun ɓace har abada, ba wanda za ka kai wa kuka. Ko kuma ka bar su a manhajar wani kamfani, su riƙe maka, har su ɗan ƙara maka wani abu duk wata. Shi ta biyun yake yi, ta fi sauƙi.

Na ce, “Abin da suke ƙara maka, daga ina suke samowa?”

Ya ce suna juya kuɗin ne.

“Wato suna ba da su.”

Ya ce ba kamar banki ba ne, su komai nasu a bayyane yake. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin ofishinsu. Ya yi dariya ya ce a wata ƙasa suke. Na ce abokina da na san gidan ubansa ya yi mini haka, ina ga wanda ban san ƙasarsa ba. Duk da haka na ba shi ɗan abin da ba zai kashe ni ba, na ce ya saya mini ta hanyar farko. Matata ta adana kalmomin tare da 'yan kunnenta na zinari.

Ba a rufa shekara ba ƙanin matata ya zo gidana da rana tsaka, ya zauna a zaure ya miƙo mini wayarsa. Kamfanin ya dakatar da cire kuɗi. Sun rubuta wa mutane cewa na ɗan lokaci ne, ana gyara. Lambarsa tana nan a waya yana kallo, ba ta taɓuwa. Jarin sana'arsa ne da kuɗin da yake tarawa na aure. Ban ce masa na gaya maka ba. Na san yadda ake ji in ana kallon lamba. Shi ko layin da zai bi bai samu ba, ko tebur ɗin da zai daka.

Nawa suna nan, ba wanda ya taɓa, wannan gaskiya ne. Amma darajarsu ta faɗi ta tashi ta sake faɗuwa kamar mai farfaɗiya, kuma ban ga manomin da zan tsaya a gabansa a kasuwar Kebbe in ce ya auna mini gero in biya shi da kalmomin Turanci ba. Sai na mayar da su naira tukuna, nairar kuma ta banki za ta biyo.

Yanzu in na sayar da hatsi ba na barin jari ya zauna. Wani in sayi raguna in ba mata kiwo, wani in sayi taki tun da wuri in raba wa manoma a kan za su biya ni da gero. Rago yana mutuwa, manomi yana iya kasawa, amma na san fuskar wanda na ba, kuma ni na ce a ba shi. Abin da ya rage dole ina kai shi babban banki, don ba a yin kasuwa yau ba tare da su ba. Na san su ma haka suke yi, ƙarfi kawai suka fi. Duk sanda na miƙa kuɗi a kanta aka ce mini an ajiye, sai in tuna abokina zaune a kan buhun wake.

Abokina yana aiki a wani banki a birni, an ce ma ya samu ƙarin girma. Mun haɗu a jana'izar wani malaminmu na sakandare. Bayan an watse ya matso ya kama hannuna ya ce yana so in sani an bincike shi ba a same shi da laifin komai ba, bai ci sisin kowa ba. Na ce na sani. Na zare hannuna. Da ɓarawo ne da na samu sauƙi, da an kama shi an ɗaure, in je in gaya wa kawu ga wanda ya cuce mu.

An yi wa matar kawu aiki a shekarar da ta biyo, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan an makara. Kawu ya ji labarin rufe bankin daga bakin mutane da yawa, ya san ban yi masa ƙarya ba, ya ma aiko mini da buhun gero a shekarar da nake auna wa wani. Ina zuwa gaishe shi da salla, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, yana sa mini albarka. Amma bai sake bin gidajen mutane yana cewa a jira ni ba, ni ma ban roƙe shi ba. Geronsa mutumin Jega yake sayarwa.